Dattijo Mai Agogo Uku

Ga shi zaune a shagon aski, dattijo siriri, an aske masa rabin kai amma ya hana a ƙarasa. Agogo uku ne ɗaure a hannunsa, irin na farkon fitowa, masu baƙaƙen lambobi a gilashi toka-toka. Ina jin tun yana saurayi yake tara su.

Gwanjon wani tsohon agogo ake yi a intanet, lokaci kuma ya kusa cika. Ya ƙura wa waya ido.

"Baba, bari sai daƙiƙar ƙarshe ka taya, kowa ya rasa damar ƙarawa," in ji mai aski.

"Haba ɗana! Mutumin da muke ja da shi tun safe zan yi wa kwanton ɓauna? Bari ya ga tayina, in ya isa ya ƙara."

Ya danna, tayinsa ya shiga.

Can sai ya zabura, ƙyallen aski na reto a wuyansa: "Na samu! Wallahi na samu!"

Mu da ke shagon muna ta tafi, shi kuwa har ya koma ya zauna, yana rubuta wa wanda ya kayar saƙon ban haƙuri.