Mai Lamba Goma Sha Huɗu

Ranar Talata, huɗu ga watan Maris, da misalin ƙarfe bakwai saura na safe, Allah ya karɓi ran Orval Stenger a filin ajiye motoci na masana'antarmu. An same shi zaune cikin tsohuwar a-kori-kurarsa, inji na aiki, kwanon abincinsa a kan cinya. Ya rasu yana da shekara sittin da ɗaya, talatin daga cikinsu a teburin gwaji ya yi su.

Baba Orval, ni ce Lorna, wadda ka koya wa aiki. Har yau ban yafe wa kaina ba, don na wuce ta gefen motarka a safiyar, na ɗaga maka hannu, na yi gaba abina. Kowa ya san kullum sai ka yi minti goma a mota kafin ka shigo. Mun sha yi maka tsiya a kai, kana cewa kofi kake jira ya huce.

A garin nan namu na jihar Idaho a Amurka aiki ɗaya ne: ƙera gidan harsashi, wannan ɗan akwatin da ake ɗura wa harsasai a soka a bindiga, na ƙanana da na dogaye. Wanda ba ya masana'anta, to ɗan'uwansa na ciki. Kai ne ke gwada su kafin su fita, ka buga lambarka a gindin kowanne da ka yarda da shi. Goma sha huɗu. Ranar da na fara aiki ka miƙo mini guda biyu ka ce in zaɓi mai kyau. Na zaɓi mai ƙyalli. Ka danna sifirin ɗinsa, ƙarfen nan mai lotsawa ya turo harsashi sama, da babban yatsa, ka kara a kunnena, ka ce, "'Yar nan, miji za ki zaɓa ko kayan aiki? Saurara ki ji yadda yake tari." Na saurara, na kuwa ji.

Ba ka da sauƙi, gaskiya. Ka taɓa mayar da kaya mota guda, manaja Kolb yana ta kumfar baki, kai kana cin burodinka da naman barewa kamar ba da kai ake ba. Amma kai ne ka share mini dusar ƙanƙara a ƙofar gida duk lokacin sanyin da mijina ya tafi ya bar mu, ba ka taɓa tsayawa an yi maka godiya ba.

Shekara tara da suka wuce wani ya shiga wani kanti a wata jiha mai nisa ya buɗe wuta. Muna ɗakin cin abinci aka nuno hoton kayan da 'yan sanda suka tsinta a ƙasa. Lambarka ta fito tsaf a gindin gidan harsashin. Babu wanda ya dube ka, kuma wannan ya fi kallon ciwo. A ranar ka rubuta takardar ajiye aiki, na gan ta da idona. Ba ka miƙa ba. Matarka Marjean na fama da ciwon jijiyoyi, allurar da ake yi mata duk wata kuwa inshorar masana'anta ce ke ɗauka. In ka ajiye aiki, allura ta tsaya.

Na taɓa ce maka, cikin wauta, to ka riƙa sassauta gwajin mana, ko zuciyarka ta samu sauƙi. Ka buɗe kwanon abincinka ka nuna mini takardu biyu da ke manne a murfin. Ɗaya sunayen mutum shidan da aka kashe a kantin nan. Ɗayar wasiƙa ce daga wata 'yar sanda da ta ce ta koma gida wajen 'ya'yanta ne saboda bindigarta ba ta cije ba a ranar da ta buƙace ta. Ka ce, "To malama mai shawara, gaya mini wanne zan lalata. Ba na sanin hannun da zai je." Ban sake buɗe baki a kan maganar ba.

Haka ka ci gaba, kana aikin da ka iya fiye da kowa, kana ƙinsa fiye da kowa. Da aka kawo sababbin gidajen harsashin nan na roba masu cin harsashi talatin, aka yi liyafa, aka raba huluna. Ka karɓi taka ka sa a aljihu. Kwali na farko yana nan a teburinka, rabi da lamba, rabi babu.

Jiya Kolb ya kira ni ofis ya ajiye hatimin lambarka a gabana. Ya ce babu wanda ya san sifirin kamar ni, in gaji teburinka. Na so in ce a'a, wallahi na so. Sai dai ka san 'yata Tess, ka san allurar ciwon sukarin da ba ta kwana ɗaya babu ita, ka kuma san inda take fitowa. Na ɗauka. Na roƙi a canza mini lamba, ya ce ƙera sabon hatimi sai bayan wata uku, kaya kuma ba za su jira ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Marjean, da ɗansu Dewey, da jikoki, da dukan 'yan aikin safe. Allah ya ba su haƙuri, ya buɗa wa Marjean hanyar maganinta, tunda mai tsaya mata ya tafi. Kai kuma Baba Orval, Allah ya jiƙanka, ya yi maka rahama, ya auna ka da niyyarka, ya sauke maka nauyin sunaye shidan nan da ka ɗauka kai kaɗai.

Yau da safe na iso da wuri, na ajiye motata kusa da gurbinka. Na kashe inji, na kama murfin ƙofa, na kasa buɗewa. Da na duba agogo, minti goma sun wuce, kuma ni ko kofi ban riƙo ba.