Ruwan da Na Ce Na Gani

Karatuna bai wuce aji shida na lakwal ba, wato makarantar boko, amma da shi aka ba ni ma'aunin ruwan sama. Mutanen wani furoje, wato shirin taimakon manoma, ne suka kawo shi, suka kafa shi a kan ƙarfe a bayan gari, kan hanyar Safo, dab da gonar gwaggona. Kwalba ce doguwa mai zane-zanen lambobi. Aikina shi ne duk safiyar da aka yi ruwa in je in duba inda ya tsaya, in rubuta a kaye, littafin da suka ba ni, in zubar. Na ɗauki aikin da girman kai fiye da yadda ya kamata. Har bik ɗin rubutu nake saƙalawa a aljihun gaba don a gani.

Gwaggo yayar mahaifina ce, mijinta ya daɗe da rasuwa. Tana da irin hatsinta na kanta, wanda take zaɓa zangarniya zangarniya tun kafin a haife ni: gajere, mai saurin nuna, mai ɗan duhu a baki. Ba ta taɓa sayen iri a kasuwa ba. Kuma ba ta shuka sai ta tona ƙasa da hannunta ta ga laima ta kai wuyan hannu. In ka kawo mata labari, kafin ta karɓa sai ta tambaye ka, “Gani ka yi, ko ji ka yi, ko zato kake?” Muna yara muna ganin fitina ce kawai.

Shekarar da nake magana, bara ba ta yi kyau ba, irin da ya rage mata bai fi tiya biyu ba. Ga ciwon gwiwa ya zaunar da ita, ba ta iya zuwa gona.

Ranar ruwan farko ba na gari. Na tafi Jibiya cin kasuwa, can ruwa ya tare mu kamar da bakin ƙwarya, na kwana. Da safe mai moto da ya ɗauko ni ya ce ai can wajenmu Madarumfa ma an sha ruwa. Da na shigo na ga ƙasa a jiƙe, kaji suna tono. Ban ko ajiye kaya ba aka ce Gwaggo na kirana.

“Ɗan nan, me kwalbarka ta ce?”

Da na ce ban je ba tukuna, da ba abin da zai faru sai ɗan zagi. Amma mata suna zaune a tsakar gidan, ni kuma mai bik ne.

“Milimita ashirin, Gwaggo. Ya isa shuka.”

“Ka gani?”

“Na gani.”

Ta sa 'yarta da surukinta suka ɗauki sungumi da irin gaba ɗaya. Surukin ya sari ƙasa ya ga busasshiya na biyo bakin sungumi, ya aiko cewa ruwan bai shiga ba. Gwaggo ta ce a gaya masa ɗan ƙanenta ya duba da idonsa a abin aune, su shuka. Suka shuka.

Sai washegari na je wurin ma'aunin. Ruwan da ke ciki bai kai kaurin yatsa ba. Na tsaya ina kallonsa, ina kallon gonar da aka gama binnewa. Na zubar da shi, na rubuta ashirin a kaye, na dawo gida na ci tuwo. Wannan na biyun ya fi na farko muni, don a na farko ban sani ba, a na biyu na sani.

Laimar ta isa ta tada iri, ba ta isa ta riƙe shi ba. Ya tsiro siriri, sama ta ɗauke kusan mako uku, ya ƙone tas.

Nan gari ya kama magana. Wasu suka ce kwalbar nasara ce ta yi ƙarya, dama me kwalba ta sani game da ƙasarmu. Wasu suka ce ƙaddara ce, a yi haƙuri. Duka biyun sun yi mini daɗi, don ba sunana a ciki. Yayana, wanda na faɗa wa gaskiya shi kaɗai, ya ce, “Kai, rufe bakinka. An ce kwalba ce, bar ta a kwalba. Za ka tona wa gidanmu asiri a kan tiya biyu?”

Na yi shiru kwana tara. Ranar Juma'a bayan an sauko, a ƙofar mai gari, wani dattijo ya ce a tumɓuke ƙarfen a ba maƙera. Na miƙe na ce kwalba ba ta yi ƙarya ba, ni na yi. Na ce ban gani ba, ji na yi daga bakin mai moto, na ɗora zato a kai, na kira shi gani. Wani ya ce, “To malam mai bik, ashe daga Jibiya kake hango kwalbar?” Aka yi dariya. Na bar su suka gama.

Har yau akwai masu cewa na wulakanta kaina a banza, wai da na bar wa ƙaddara. Na yi imani da ƙaddara kamar kowane Musulmi, amma ba zan ɗora mata abin da bakina ya yi ba. Allah ne ya riƙe ruwa, ni na ce ya sauka. Kuma ban yarda da masu cewa a koma tonon hannu a bar kwalba ba. Hannun Gwaggo da kwalbar aiki ɗaya suke yi: sai ka je ka duba. Ni ne ban je ba. Mai gari ya tambaye ni ko zan ajiye aikin, na ce ba zan ajiye ba, sai dai a ƙwace. Ba a ƙwace ba. Na soke ashirin ɗin a kaye a gabansu.

Gwaggo ba ta zage ni ba, abin da ya fi zagi zafi. Ta ce dai shekarun baya ta taɓa ba wata mata a Gabi irin nan. Na hau amalanken jaki na je, na yi tambaya gida gida har na sami matar. Ta ba ni rabin tiya, ta rantse na Gwaggo ne. Gwaggo ta murza shi a tafi, ta tauna ƙwaya ɗaya, ta ce a shuka shi gefe guda.

Da kaka muka ɗora ta a amalanke muka kai ta gonar. Hatsin ya yi tsawo ya wuce kaina. Ta sa na karyo mata zangarniya, ta juya ta a hannu, ta daɗe tana dubawa.

“Ya gauraya da nasu,” ta ce. “Ba shi ba ne. Mai da ni gida, ɗan nan, rana ta yi.”