Wanda Ya Raɗa wa Innayo Suna

A gidanmu na Wudil kaka ba ta zaɓar sunanta. Jikan fari ne ke raɗa mata, duk abin da bakinsa ya fara kiranta da shi ya zauna ke nan, kuma ba mai ikon sauyawa sai shi. Dangin mahaifiyata na Utai ba ruwansu da wannan, su kowace tsohuwa Iya ce. Fulanin Achika masu kawo mana nono kuwa Dada suke cewa. Tamu, uwar mahaifina, Innayo ce, kuma na tashi ina bugun ƙirji cewa ni na raɗa, tunda ban ga wani jika a gabana ba. Ita ma ba ta taɓa musa mini ba. Sai dai ta ce mini miji marar cefane, in ce mata amarya ba haƙori, a yi dariya a wuce.

Da damina, bayan isha'i, a rumfar girki muke kewaye ta. Tana gasa mana masara a garwashi tana ba mu tatsuniya, Umma mahaifiyata tana gefe tana ɓarar gyaɗa, ba ta sa baki.

Shekarar da soja suka koma bariki, ƙanin mahaifina, Baffa Lawan, ya ci kansila. Gida ya cika da 'yan siyasa, sai Baffa ya fara jin kunyar sunan. Wai ƙauyanci ne a ji yara na ihun Innayo a gaban manyan mutane, alhali tsohuwa ta je Makka tun tuni. Ya kira ni ya ce ni ke da wuƙa da nama, in sanar da gida cewa daga yau Hajiya ce. Kaina ya kumbura. Da dare ina karɓar masarata na miƙe na yi shela kamar sanƙira.

Innayo ta juya masara, ta fara tatsuniya ba tare da ta jira mun ce ta zo mu ji ta ba.

Wai wata mata ce aka yi wa sabon daɓe, bai bushe ba ɗanta mai koyon tafiya ya taka, sawunsa ya fito raɗau. Ba a jima ba yaron ya rasu. Duk shekara in za a gyara ɗaki sai ta ce a bar mata wajen nan, ta share ko'ina ta kewaye shi. Ana nan wani ɗan'uwan mijinta ya yi arziki, ya ce ɗakin ƙasa zubar masa da mutunci ne. Tana rafi aka malala siminti. Ta dawo ta durƙusa tana lalube da tafin hannu, ta rasa ma ta ina sawun yake.

Muka ce to sai me ya faru? Ta ce shi ke nan, ta ƙare. Muna cikin ƙorafin an cuce mu sai muka ji faifan gyaɗa ya kife. Umma ce ta tashi ta shige ɗaki, ko takalmi ba ta tsaya sawa ba.

Innayo ta kamo hannuna ta zaunar da ni a jikinta.

"Miji, ba kai ka raɗa mini ba. Akwai wanda ya riga ka."

Na ce wane ne? Ta ce yayana ne, Habu, ciki ɗaya. Ƙyanda ta ɗauke shi yana fara magana, ni ko cikina ba a samu ba. Na girma a gidan nan, na san sunan kowace akuya, amma ban san ina da wa ba.

"Ɗan fari ne," in ji ta. "Uwarka ba ta taɓa kiran sunansa ba yana raye, saboda kunya. Da ya rasu ma ba a bar ta ta yi kuka a gaban mutane ba. Kalma ɗaya ya bari a gidan nan, ita kaɗai aka yarda ta faɗa."

Daren nan ban ci masarar ba. Da safe na je na gaya wa Baffa cewa ba ni da iko, mai ikon ba ya nan. Ya dube ni, fuskarsa ta sauya, ya sunkuyar da kai. Ashe shi ya ɗauki gawar zuwa maƙabarta, hidimar siyasa ce ta mantar da shi. Bai sake tayar da maganar ba.

Na daɗe ina ganin muguntar manya ce a ɓoye wa yaro ɗan'uwansa. Sai da na girma na gane ba ɓoye shi suka yi ba, kullum ana ambatonsa a kunnena, ni ne ban sani ba. Na riƙa lura da Umma in za ta kai wa Innayo abinci, yadda take kiran sunan a hankali, ba ta taɓa gajarta shi.

Ranar da Innayo ta rasu, Umma ta yi kukan da ya ba matan unguwa mamaki. Ina ji suna cewa ba su taɓa ganin suruka mai ƙaunar uwar miji haka ba. Mutum biyu take yi wa kuka, kuma a ranar ne aka fara barinta ta yi kukan Habu.