Malam Halidu Ya Hau Jirgin Damagaram

Duk unguwar Talladje ta Yamai babu wanda ya tsani jirgin sama kamar maƙwabcina Malam Halidu, ga shi kuwa Allah ya haɗa shi zama kusa da filin jirgi. In ɗaya ya taso ta kan rufinmu, sai ya ja tsaki ya ce, "Ga marasa haƙuri nan."

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa kar, babbar motar fasinja, tsakanin Yamai da Damagaram, kilomita kusan ɗari tara. Shi ba da kilomita yake auna hanya ba, da mutane yake aunawa: mai shayin Doso, makanikin Dogon Dutsi da ke gane ciwon mota tun daga nesa, limamin tashar Ƙonni mai gajeriyar sura. Ni na gaji da jin sunayensu, amma wallahi ranar da bai ba da labarin ba sai in ji ƙofar gidan ta yi shiru. Yawancinsu sun rasu, ƙafarsa ma ta daina taka birki.

Bara aka bugo waya cewa yayarsa Balkissa, wadda ta raine shi a Damagaram, tana kwance. Idonta ya tafi, hankalinta yana zuwa yana komawa, sunansa kawai take kira. Ya ce gobe zai bi kar. 'Yarsa Zuwera ta ajiye masa biye, wato tikitin jirgi, a cinya.

"Baba, awa biyu ba ta cika ba. In ka bi hanya kana iya tarar da an dawo daga maƙabarta."

Washegari da safe ya nufi filin jirgi. Ya hau, ya liƙa goshi a taga yana neman Ƙonni, bai ga komai ba sai gajimare. Kafin azahar yana zaune a bakin tabarmarta.

"Yaya, ni ne Halidu. Yau da safe na taso daga Yamai."

Tsohuwa ta lalubo hannunsa, ta kai hanci, ta sake shi.

"Ƙarya kake, bawan Allah. Wanda ya taso Yamai da safe ba ya isowa da rana tsaka. Ƙanena da warin man gazuwal yake zuwa, da albasar Galmi a buhu. Ku ba baƙon nan ruwa ya tafi."

Ya gaya mini bai taɓa jin baƙin ciki irin na wannan rana ba. Ya fito ya ɗingisa har tasha, ya roƙi wani direba ya buɗe masa tanki, ya shafa gazuwal a hannu da bakin riga. Ya sayi buhun albasa a kasuwa, ya zauna gindin bedi yana jira, yana fargabar kada yayarsa ta cika kafin rana ta yi ƙasa.

Da almuru ya yi sallama, ya dire buhun da ƙarfi.

"Halidu? Ka iso? Yaya hanya?"

"Hanya ba daɗi, Yaya. Taya ta fashe mana bayan Madawa."

"Na sani," in ji ta, tana riƙe da hannunsa gam. "Shi ya sa ka daɗe. Wani ma ya zo ɗazu yana cewa kai ne."

Washegari da hantsi ta rasu, yana zaune kusa da ita.