Laba Ɗari Zuwa Hawa na Uku

A yi tsit! A rage muryar rediyo, mai aski ya ajiye almakashi, wanda aka yi wa rabin kai ya zauna da rabinsa. Yau zan gabatar muku da Mai Girma Leander Tibbs, Sarkin Ƙanƙarar Yammacin Baltimore, ubangidan doki Gwamna, mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana ɗauke da sanyi a kafaɗa yana zufa. Kawuna ne, yayan mahaifiyata, amma ba zumunci ya sa nake kuranta shi ba, don ko senti biyar bai taɓa ba ni ba. Ni da aka sallama daga aji tara saboda surutu, ni ne na ɗauki alƙalami, tunda masu ilimin ba su ga dama ba.

Ɗan ƙauye ne daga Virginia. Ya shigo birni a 1923 da akwatin kwali da takalmin da ya matse shi, aikin farko da ya samu kuma shi ne ya riƙe. Kamfanin ƙanƙara ya ba shi keken doki, da babban awartaki, da tsinken ƙarfe na yanka, da wata fata da ake yafawa a kafaɗa. Kullum ban da Lahadi, da sassafe ya loda, ya rufe da buhu, ya kama titi.

Kowane gida da katinsa a taga, gefe huɗu, lamba huɗu: 25, 50, 75, 100. Lambar da uwar gida ta juyo sama, ita ce labar da take so a zuba mata a akwatin ƙanƙara. Ba sallama, ba ciniki. Kawu jarida sai ya bi ta da yatsa yana motsa baki, amma tagogi daga kan keke yake karance su, titi guda da kallo ɗaya. In hamsin ta koma saba'in da biyar, baƙi sun zo daga kudu. In hamsin ta koma ashirin da biyar, an sallami maigidan daga tashar jiragen ruwa. Ya san asirin kowa, bai taɓa kai na kowa shagon aski ba, abin da har yau nake jin haushinsa.

Sai firji ya shigo gari. Dala ɗari biyu ba ɗaya, fari tas, yana zaune a tagar kanti kamar amarya, a lokacin da burodi ya kai senti goma sha bakwai, kofin gahawa ya tashi daga biyar ya koma goma, mutane suna rantsuwa duniya ta zo ƙarshe. Duk da kukan tsadar, gida bayan gida katin ya riƙa ɓacewa daga taga. Gidaje ɗari uku suka koma tamanin da huɗu. Hatta matarsa, Inna Vernelle, ya taɓa kama ta a gaban kantin ta dafa gilashi tana kallo.

"Kallo kawai nake, Leander."

"Da kallo Hauwa'u ta fara," in ji shi, ya ja hannunta suka wuce.

To, ranar wata Litinin ta watan Yuli, 1954, ana zafin da kwalta ke manne wa takalmi, kamfani ya turo masa baƙo. Mista Dunleavy, farar fata, shekara ashirin da shida, da laktaye da littafi da agogon hannu. Ya girmi ɗan Kawu na fari da wata biyu kacal, amma da suna yake kiransa gatsal.

"Ga yadda abin yake, Leander. In ka gama zagayenka kafin sha biyu, an bar maka shi da dokinka har shekara mai zuwa. In ka wuce ko da minti ɗaya, a haɗa gidajenka da na motar da ke bin titin Division. Ba ni na ce ba, ofis ya ce."

"Na ji, yallaɓai."

Kawu yana da shekara hamsin da tara, gwiwar hagu tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ba wanda zai ɗauki irinsa sabon aiki, ya kuma san haka. Ranar bai tsaya shan ruwa ba. Bai tsaya gaisawa ba, har wata ta bi shi da "Lafiya, Baba Tibbs, ko mun yi laifi?" Yanka, ɗauka, hau, zuba, sauko. Gwamna ma kamar ya gane, kafin a ce masa tafi ya tafi, ya tsaya a ƙofar da ta dace. Mista Dunleavy yana zaune a gefe ya ɗora hankici a wuya, kowane gida ya kalli agogo ya yi rubutu. Ruwa yana ɗiga daga bayan keke, yana zana layi a kan titi.

Sha ɗaya da minti talatin da biyar suka shiga titin Etting. Saura gida tara, duk hawa na ƙasa, ban da ɗaya. Kawu ya lissafa a ransa, ya ga zai gama har da rarar minti biyar. Karo na farko tun safe ya ja numfashi mai kyau.

Sai ya ɗaga kai.

A hawa na uku na gidan da ke kan kwanar titi akwai tagar Iya Odessa Purnell, tsohuwa mai shekara tamanin ba biyu, wadda ta yi rayuwarta tana wanki da guga a gidajen masu kuɗi. Ita kaɗai take zaune, 'yarta tana aure a Philadelphia. Shekara goma sha tara katinta yana kan ashirin da biyar, senti goma sha biyar, da take ajiye masa a kan faranti. Yau katin yana kan ɗari. Kuma a karkace yake, ɗari ɗin ta kwanta gefe guda.

Ya ja linzami.

"Me kuma?" in ji Mista Dunleavy.

"Ɗari take so."

"Madalla. Ciniki ke nan."

"Akwatinta ba ya cin fiye da ashirin da biyar, yallaɓai. Ni na sha gyara mata murfinsa."

"To kuskure ta yi. Tsohuwa ce, ko? Wuce ta, gobe ka kai mata. Ba zan rubuta ba." Ya juyo masa da agogo. "Taimakonka nake yi, Leander. Hawa uku da laba ɗari a kan wannan ƙafar, minti goma ne. Ba ka da su."

Gaskiya ya faɗa, kuma ba da mugunta ba. Kawu ya kalli agogon, ya kalli ragowar gidaje takwas da katunansu a jere, kowanne a miƙe. Ya tuna Inna Vernelle da abin da zai faɗa mata in ya koma. Ya ɗaga linzami zai kaɗa. Hannun ya tsaya a sama.

Matar da take goge rigar attajiri har ta ga fuskarta a wuyan, matar da ta taɓa mayar da shi ƙasa ya share takalmi, ita ce za ta bar kati a karkace?

Daga hawa na biyu sai ga shewa da tafi. Gidan su Madam Pettiford ne, masu talabijin ɗaya tilo a layin. Kullum war haka matan gidan da na maƙwabta sukan cika falon, senti biyar-biyar kuɗin wuta, suna kallon shirin nan da mata ke fitowa su faɗi wahalarsu, wadda aka fi tafa wa ta ci firji. An ƙure murya har titi. Ko gini ne ya faɗo a samansu ba za su ji ba.

Kawu ya sauko daga keke.

"Leander, na ce wuce."

"Dokar kamfani, yallaɓai. Ba a wuce kati. Abin da kati ya ce shi ake kaiwa. Tana cikin littafin da ke hannunka."

"Kai ne za ka koya mini doka?"

"Wane ni."

Ya yaye buhu, ya ja tsinke a kan ƙanƙara, ya buga sau uku, laba ɗari ta ɓalle. Ya kafa awartaki, ya juya baya, ya durƙusa, ya miƙe. Gwiwar ta yi ƙara har doki ya waiwayo.

Matakala hamsin ne, masu tsayi, ga duhu, ga warin kabeji. A hawa na ɗaya numfashi ya fara yi masa gardama. A na biyu ya daki ƙofar Madam Pettiford da ƙafa.

"Wa ya ga Iya Odessa yau?"

"Shhh! Baba Tibbs, don Allah! Mai 'ya'ya bakwai ce ke magana!"

"Jiya fa? Ta je coci?"

Wata ta ce ai zafi ne ya hana ta, ba tare da ta juyo ba. Wata ta ce rufe mana ƙofa haske na shiga.

Ya ci gaba. Ruwan sanyi yana bin fata yana gangara masa cikin wando, zufa tana shiga ido, ba hannun sharewa. Saura matakala biyar ƙafar hagu ta ƙi. Ya jingina da bango, ƙanƙarar tana danna shi ƙasa, yana jin bugun zuciyarsa a cikin haƙora. In ya sake ta, za ta gangara ta tafi da duk wanda ke ƙasa. Ya ja ƙafar da ƙarfin tsiya, ɗaya, ɗaya, har ya kai.

"Mai ƙanƙara!"

Shiru. Ya sake kira. Ya kasa kunne. Can ya ji ƙwas, ƙwas, kamar ana buga katako da sanda.

Ƙofar da sakata. Ya juya mata baya ya sake nauyinsa da na laba ɗari a kanta. Sakatar ta fita da ƙusoshinta.

Ɗakin kamar tanda. Iya Odessa tana kwance a ƙasa tsakanin gado da taga, da rigar cocinta, hula a gefe, ƙafa ɗaya ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Sandarta tana hannunta. Leɓɓanta sun tsage, fatarta a bushe, da zafi kamar dutsen guga. Tun safiyar Lahadi ta zame. Ta yi kira har murya ta ƙare. Da sandar ta riƙa zungurar katin daga kwance, har ya juya.

Ya dire ƙanƙarar a tsakar ɗaki, ya farfasa gefe, ya naɗe a tawul ya sa mata a wuya da hammata, ya ɗiga mata ruwan a baki kaɗan-kaɗan. Ya leƙa taga.

"Yallaɓai! Akwai tarhon kuɗi a kantin maganin da ke kan kwana! Kira motar asibiti!"

Mista Dunleavy ya ɗaga kai. Ya lalube aljihu. "Ba ni da canji!"

Kawu ya ɗauki senti goma daga farantin tsohuwar ya jefa masa. Yaron ya cafe, ya ruga, laktaye na tashi a bayansa.

Sai da aka jima idonta ya buɗe sosai. Ta kalli Kawu, ta kalli dutsen ƙanƙarar da ke jiƙa mata shimfiɗar ƙasa.

"Leander," muryar kamar takarda.

"Na'am, Iya."

"Na ce ba wawa ba ne, zai gane." Ta haɗiye ruwa. "Amma ka daɗe."

"Gwiwa ce, Iya."

"Kuma ba zan biya kuɗin ɗari ba."

"Ba wanda ya tambaye ki."

"Ka share takalminka kuwa?"

A nan agogon cocin Baptis ya buga sha biyu. Kawu yana durƙushe yana matsa tawul, ya ƙirga bugun har ƙarshe. A ƙasa aka sake fashewa da tafi. Mai 'ya'ya bakwai ta ci firji.

Motar asibiti ba ta zo ba sai sha biyu da rabi. Matan hawa na biyu suka cika matakala suna salallami, kowacce tana cewa ita dama jikinta ya ba ta. Kawu ya sauko, ya kai wa gidaje takwas ɗin nan ƙanƙararsu, ɗaya bayan ɗaya. Ƙarfe ɗaya da minti goma ya gama. Mista Dunleavy ya daɗe da alƙalami a kan takarda.

"Zan rubuta dalili a ƙasa," in ji shi. "Amma lamba suke karantawa."

"Rubuta abin da agogo ya ce, yallaɓai."

Ranar Juma'a aka karɓe awartakin, aka sallame shi. An sayar da Gwamna ga wani mai tallar kankana, wanda har yau yake zagin dokin don yana tsayawa a ƙofofin da ba a kira shi ba. Iya Odessa ta yi wata biyu a asibiti, 'yarta ta tafi da ita Philadelphia, inda aka ce tana faɗa da firji kullum wai yana sa wa madara wari.

Kawu kuwa yana nan a ƙofar gida, da teburi da laima. Yana sayen ƙanƙara daga motar da ta gaje shi, ya goge ta a kofin takarda, ya zuba ruwan zaƙi, na lemo ko na inabi, senti biyar. Da lokacin zafi ya wuce sai gadin coci. Inna Vernelle ba ta sake tsayawa a gaban kantin nan ba, shi kuma bai taɓa tambayarta dalili ba.

Jiya na je na tsaya a gabansa, na karanta masa wannan takarda tun daga "A yi tsit" har nan, da murya irin ta mai labarai, har da ɗaga hannu. Na ce, "Kawu, ka shiga tarihi. Sarkin Ƙanƙara! Me za ka ce wa jama'a?"

Bai ɗago daga gugar da yake yi ba.

"Matakalan talatin da takwas ne," in ji shi. "In ba saye za ka yi ba, matsa, ka tare wa mutane layi."