Matattun Macizai a Ƙofar Vernell

A duk yankinmu na kudancin jihar Jojiya babu wanda bai san halin Vernell Tuten ba. Idan ka gaishe ta da fara'a, sai ta koma gida tana tunanin abin da kake nema a wurinta. Ta ƙare ƙuruciyarta tana dafa wa 'yan makaranta abinci, kuma har ta yi ritaya ba ta taɓa bai wa abokiyar aiki makullin sito ba, ko da za ta zagaya bayi ne. Ni dai ban cika ganin laifinta ba. A gidan da ta tashi, yaron da ya waiwaya sai ya tarar da kwanonsa wayam.

Mutum ɗaya ta saki jiki da shi a duniya, mijinta Royce, manomin gyaɗa. Royce yana da lasisin kiwon macijin shuni, baƙin nan mai sheƙi wanda ba shi da dafi, mai kwana a ramin kunkuru. Macijiyarsa Opal ta kusa ƙafa bakwai, kauri kamar damtsen mutum. Vernell ba ta son ta, ba ta ƙin ta. Iyakarta ta fito da ɓera ko ɗan tsako daga firiza, ta jiƙa a ruwan ɗumi, ta miƙa wa mai gida.

Royce ya rasu a ƙarshen sanyi, bayan ya haɗa Opal da wani namiji na aro. Da zafi ya shigo ta zuba ƙwai. Vernell ta jera su a akwatin ɗumi yadda ta sha ganin yana yi, kuma da suka ƙyanƙyashe ta tsaya a kansu ta yi kukan da ba ta yi a maƙabarta ba. Kowane bai fi kamu ɗaya ba. Aikin hannun Royce na ƙarshe ke nan, ta kuwa ƙudurta a ranta ba za su lalace a hannunta ba.

Sai dai sun ƙi cin abinci. Suka yi saɓar farko, ta kawo musu jinjirin ɓera, suka lasa iska da harshe suka kau da kai. Ta gwada naman kaza, ta gwada da safe, ta gwada da yamma. Makonni suka shuɗe, ƙashin baya ya fara fitowa, fata ta yi yaushi. A da Royce kan shige rumfar macizai da ƙananan da aka ƙyanƙyashe ya rufe ƙofa, ita kuma ba ta taɓa tambayarsa abin da yake yi ba. Yanzu tambayar wani, ai tona wa kai asiri ne. Tana ganin ranar da labari ya kai hukuma, ranar za a zo a kwashe su, tunda lasisin na Royce ne.

Ana cikin haka wata safiya ta buɗe ƙofa ta ga ƙunshin jarida a kan dakali. A ciki wani ɗan siririn macijin ciyawa ne, matacce, sanyi ƙalau. Ba ta ɓata lokacin tunani ba, ta san Odell Sapp ne.

Odell maƙwabcinsu ne ta bayan gona. Shi da Royce tare suka tashi, tare suke bin ramukan kunkuru suna zura tiyo suna ɗura fetur don su fito da macizai masu kacau-kacau a wutsiya, su kai wasan kamun macizai na shekara-shekara. Wata rana tururin fetur ɗin ya kashe wani ƙaton macijin shuni a gabansu. Royce ya jefar da tiyo daga ranar, Odell ya ci gaba, tun daga nan ba sa ga maciji da juna. Da Odell ya zo ta'aziyya da hula a hannu, Vernell ta wanke shi tas a gaban 'yan coci, ta ce in ya sake buɗe mata baki 'yan sanda ne za su amsa masa.

To, ga shi ya sami hanyar magana ba da baki ba. A fassararta, cewa yake yi haka naki za su ƙare. Ta kama ƙunshin da muciya ta wurga bayan shinge. Bayan 'yan kwanaki wani ƙunshin ya sake zuwa, sannan wani. Ta canza kwaɗon rumfa, ta daina sayen ɓera a kantin da ta saba, don ta taɓa ganin motar Odell a wurin, ta kuma lura mai kantin tana yawan tambayar lafiyar ƙananan. Har ruwan famfo ta daina ba su sai ta tafasa. Duk da haka suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, tana binne su a gindin shinge, har saura guda.

Ranar da ta binne na kusa da ƙarshe ba ta ko wanke hannu ba. Ta ɗauki ƙunshin safiyar, ta ratsa gonar gyaɗa, ta sami Odell kwance ƙarƙashin tarakta. Ta jefa masa a ƙirji.

"Kai Odell Sapp, tsohon banza, burinka ya cika. Saura ɗaya. Sai ka zo ka ɗura masa fetur ka huta."

Ya fito da ƙyar, ya buɗe jaridar, ya duba abin da ke ciki.

"Mis Vernell, kina nufin ba ki ba su ba?"

"In ba su me?"

"Abincinsu mana. Ƙaramin shuni bai san ɓera ba, maciji yake ci. Mijinki da wannan yake fara musu, daga baya ya riƙa goga wa ɓera warin har su saba. Waɗanda mota ta take nake tsintowa a titi, in sa a firiza tsutsar ciki ta mutu. Matata har ta ce in zaɓa, ko ita ko su."

Ta tambaye shi me ya hana shi faɗa. Ya ce ai ita ta hana shi buɗe baki, kuma ya ɗauka matar Royce ba ta buƙatar bayani. Wurin mai kanti ya ji ba sa ci.

Amma hali ba ya barin mutum a rana ɗaya. Ta karɓi ƙunshin, ta shinshina ko akwai warin fetur, ta juya ba godiya. A rumfa ta jiƙa shi a ruwan ɗumi, ta ajiye a gaban ɗan da ya rage, ta ja kujera tana jiran ta kama Odell da ƙarya.

Ɗan macijin ya ɗaga kai da ƙyar. Harshensa ya fita sau ɗaya, sau biyu, sai ya ja jiki ya cafke kan mataccen, ya fara haɗiya a hankali. Vernell ta zauna tana kallo har wutsiyar ta ɓace. Ta so ta yi murna, abin ya ƙi, don babu sauran wanda za ta ɗora wa laifi.