Itacen Ar'ar na Ƙarƙashin Gadon Baba

Ar'ar ba ya fitowa a garinmu Gadarif, a gabashin Sudan. Itacen tsauni ne mai son sanyi. Ganyensa sirara ne, kore shar rani da damina, cikinsa ja ne mai ƙanshi. Mahaifina ya fara ganinsa a duwatsun Ɗa'ifa shekarar da ya yi aikin hajji. Bayan shekaru ya ji wannan ƙanshin a jikin sandar wani ɗan ƙwadago da ya sauko daga Habasha yankan riɗi, sai ya roƙe shi ya kawo masa gumagumai a kaka mai zuwa.

Ƙasarmu baƙar laka ce, tana tsagewa da rani, ta kumbura da damina. Baba ya sha ganin kaburbura sun rufta bayan gara ta cinye itacen da aka jera a kan mamaci. Ar'ar kuwa gara ba ta taɓa shi. Da mutumin ya kawo gumaguman, Baba ya tsaga su daidai faɗin kabari, ya tura su ƙarƙashin gadonsa, ya ce nasa ne.

Mahaifiyata ta samo musu wani amfani. Idan yaro ya yi mura, sai ta fere kaɗan ta zuba a garwashi ya shaƙi hayaƙin. Ɓarɓashin kuma ta sa cikin akwatin tufafi saboda asu.

"Hajiya, wa ya taɓa mini itace?"

"Ɓera ne, Alhaji."

"Ɓeran nan da wuƙa yake yawo?"

"Mutum da ransa da lafiyarsa yana rowar rufin kabari."

"So kike ƙasa ta faɗo mini a fuska?"

"Lokacin ba za ka ji ba. Jikanka kuwa yanzu yake tari."

Ita ta riga shi rasuwa, a tsakiyar damina. Masu haƙa suka sari farar ƙaya kamar yadda aka saba. Baba ya dubi itacen, ya dubi jiƙaƙƙiyar ƙasar, ya ce da ni in koma gida in ɗauko na ƙarƙashin gado.

Na ce, "Baba, naka ne fa. Mutumin Habashan nan kuma ya daina zuwa."

"Ɗauko."

Da muka jera su, kowanne ya rame a tsakiya, ga sawun wuƙarta a jiki. Sai da muka toshe tsakaninsu da ganye kafin a sa laka. Baba ya ce a hankali, "Ta riga ta ci rabinsu. Ta ƙarasa."

Bayan haka na nemi ar'ar a kasuwar katako, na tambayi direbobin manyan motoci da ke bin hanyar Doka zuwa bakin iyaka. Ban samu ba har ya rasu. Da farar ƙaya muka rufe shi, kusa da ita.

Duk ƙarshen damina nakan je da shebur in ƙara wa nasa ƙasa inda ya lotsa. Nata bai taɓa bukata ba.